Jarka Biyar a Gidan Na-Kowa

Duk layin nan babu bakin da bai taɓa ɗanɗana tukunyar gidan Na-Kowa ba. Mai faci ya ci, mai aski ya ci, har direban da motarsa ta mutu a bakin titi sau ɗaya tak ya ci ya sa albarka. Kafinta ne, dogo, dariyarsa tana riga shi shiga wuri. In ya ga mutum ya yi tagumi sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Taso mu je gida, ai ba a rasa ba." Da haka aka manta sunansa na yanka, aka bar masa Na-Kowa.

Abin da layin bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, shi ne akwai mai hura wutar da ake dafa wannan "ba a rasa ba". Maman Auta ce, matarsa. Bara da damina ta yi nisa, aikin katako ya tsaya, abinci ya yi tashin gwauron zabi, ta ga abin da ba ta son ta ƙara gani. 'Yarta Cinnaka, mai shekara tara da baki kamar reza, ta yi kwana uku ba ta tsokani kowa ba saboda yunwa. Ranar ta rantse a ranta, daminar baɗi ba za ta same su haka ba.

Da amfanin gona ya shigo kasuwa ya yi araha, sai ta kama wankau a gidajen mutane. Hannunta ya tsattsage da sabulu, ta mai da guminta wake da tumatir da albasa, ta ɗauka ta nufi ƙarshen layi wurin Iya Mai Gwangwani. Tsohuwa ce mai zaman kanta a ɗakin haya ɗaya, ɗakin da gwangwanaye da kwalabe suka fi mai shi samun wurin zama. An ce a hannunta ko ganye ba ya lalacewa.

"Ciza," in ji Iya, ta miƙo mata ƙwayar wake ɗaya.

Ta ciza, haƙorinta ya nutse.

"Kin ji ya yi magana?"

"A'a, Iya."

"To bai bushe ba. Waken da ya bushe in kin cije shi sai ya ce ƙas, kamar yaro marar kunya. Mai da shi rana. Ku 'yan yanzu komai sauri, da da hali ciki ma wata biyar za ku yi."

Kwana goma sha biyu tana zuwa. Ta koyi yanka tumatir fale-fale, a barbaɗa gishiri, a shanya a kan kwanon rufi, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Ta koyi kitsa albasa da ganyenta a rataye inda iska ke ratsawa. Amma babban darasi na wake ne. A tankaɗe toka mai sanyi, a cuɗe ta da waken har kowace ƙwaya ta yi furfura. A ɗura a jarka, a bubbuga gindinta a ƙasa, a ƙara, a sake bubbugawa, har ya zo wuya. A sa leda ninki uku, a murɗa murfi, sannan a narka kyandir a zagaye bakin.

"Saurara da kyau, 'yar nan," Iya ta kama kunnenta kamar ƙaramar yarinya. "Ƙwaron wake tun daga gona yake ciki, barci yake yi. Iska kawai yake jira. Ranar da kika buɗe, ranar kika tashe shi. Jarka ɗaya, wata ɗaya. Kada ki taɓa ta biyu sai ta farko ta ƙare, ko da sama za ta faɗo."

Jarka biyar ta cika, watanni biyar na wahala ke nan. Ta jera su ƙarƙashin gado, ta lulluɓe da tsohon zane. Kai, da ka ga fuskarta ran nan sai ka ce amarya ce aka kai ɗaki! Wani lokaci tana shara sai ta durƙusa ta ɗaga zanen, ta shafa su kawai, kamar mai duba jariri.

Ba ta ɓoye wa mijinta ba. Ta zaunar da shi ta faɗa masa duk abin da Iya ta ce, kalma bayan kalma.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Iye! Uwargida ta zama gwamnati, ta buɗe rumbu. To ranki ya daɗe, mu talakawa yaushe za a fara rabo?"

"Baban Auta, ba wasa nake ba. Cikin yaran nan ne a ciki."

"Na ji, na ji. Ni da hannuna? Haba."

Tumatir ne ya fara tafiya. Ta shiga kicin wata safiya ta ga ƙusar da ta rataye buhun tumatir ɗin ita kaɗai a bango.

"Matar mai faci ce ta haihu," in ji shi, yana daidaita hula. "In shiga barka hannu rabbana? Me za a ce da ni?"

"Rabin buhu ma ai ya isa barka."

"Ni ne zan ba da rabi? Ke ma kin san ban iya ba. Busasshen tumatir ne fa, ba zinariya ba."

Sai albasa ta bi baya, kitso ɗaya, kitso biyu. Wannan ɗan'uwan abokinsa ne aka kora daga aiki. Wancan baƙo ne daga nesa. Kowace asara tana zuwa da labarinta mai ban tausayi, har ta rasa inda za ta sa nata tausayin. Da abin ya ishe ta, ta je wurin yayarsa ta kai kuka. Yaya ta saurare ta tana yankan farce.

"Ke dai ba ki da godiya. Wasu mazan caca suke yi, wasu duka suke yi. Naki kyauta kawai yake yi, shi ne kika ɗauko ƙafa kika zo? Haka babanmu yake. Hannun da ke bayarwa ba ya bushewa." Ta hure farcenta. "Af, in kin koma ki aiko min da albasar nan taki, an ce ba ta ruɓewa."

Ta dawo gida ta haɗiye. Ta ce a ranta, su tumatir ƙawa ne, a ci da su a ci babu su. Wake shi ne rai. Ta ɗaga zane ta leƙa, jarkoki biyar suna nan a jere a cikin duhun ƙarƙashin gado, kowace da murfinta. Ta saki ajiyar zuciya.

Ruwa ya sauka. Sati uku ana yi kamar da bakin ƙwarya. Katako ya jiƙe, masu ba da aiki suka ɗauke ƙafa, mudun komai a kasuwa ya ninka. Ranar da garin ƙarshe ya ƙare a gidan, Maman Auta ba ta tsorata ba. Har waƙa take yi. Ta kira Cinnaka ta ce, "Kawo tire, yau za ki ga aikin uwarki."

Ta jawo jarka ta farko zuwa haske. Ta ji ta fi yadda ta san ta sauƙi. Ta duba bakin, kyandir ɗin ya farfashe, saura ɓurɓushi. Ta murɗe murfin, ledar a yage take. Wani wari mai ɗumi, kamar na tsohuwar katifa, ya bugi hancinta. Ta karkata jarkar a kan tire.

Abin da ya zubo ba wake ba ne. Gari ne mai ruwan ƙasa, da ɓawo mai huji-huji, da ƙananan ƙwari baƙaƙe suna gudu ta ko'ina, wasu suna tashi suna faɗa mata a fuska.

"Mama, waken yana tafiya," in ji Auta, ɗan shekara uku, yana tafa hannu.

Ta jawo ta biyu. Kyandir a fashe. Ta uku. Ta huɗu. Da ta zo ta biyar hannunta ya ƙi murɗawa, sai Cinnaka ce ta buɗe. Duk ɗaya. Kowace an sauke ta daga wuya zuwa kafaɗa, an bar wa iska ɗaki da falo.

Ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafi a kan kayan aikinta, ta ratsa taɓo har rumfar mijinta. Yana zaune a kan bencin da ba a gama ba, zarto ya yi tsatsa a gefe, dusar katako ta jiƙe ta dunƙule a ƙasa. Shi kaɗai ne. Ta buɗe tafin hannunta a gabansa.

Ya duba, ya kau da ido. "Subhanallahi. Ƙwari ne?"

"Yaushe ka buɗe?"

"Wa ya ce na…"

"Baban Auta, yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Tun kafin ruwa. Mai aski ne ya zo min, ya ce kwana biyu ba su ɗora tukunya ba. Sai wani, sai wani. Amma ki tsaya ki ji, na yi tunani fa. Na ce in na ɗauki guda sukutum ranki zai ɓaci. Shi ne na ɗan tsakura a kowace, kaɗan-kaɗan, yadda ba za ki ji ciwo ba. Don ke na yi haka."

"Don ni."

"Kuma na mai da murfin na ɗaure tam. Ni kafinta ne, na san rufi."

"Na faɗa maka iska yake jira. Na zaunar da kai na faɗa maka."

"To ni na halicci ƙwaro? Abin da Allah ya rubuta ba za a ci ba, ko a cikin ƙarfe kika sa shi ba za a ci ba. Wataƙila ma tokar tsohuwar nan ce ba ta da kyau. Ki yi haƙuri, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Ya waiga hagu da dama. "Ki rage murya, mutane na wucewa."

Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ba yunwar yaransa ta fara zuwa masa ba, kunnen masu wucewa ne.

Daga nan kwanaki suka fara nauyi. Ta zuba abin da ke jarkokin a babban baho, ta cika da ruwa. Fankon ya taso sama da gawar ƙwari, ta kwashe ta zubar. Abin da ya nutse, daga jarka biyar, bai cika kwano uku ba. Ta dafa da gishiri. Ɗaci ne da shi da wani ƙauri, yaran suka ci suna yamutsa fuska. Kwana biyu Auta ya fara gudawa. A kwana na huɗu idanunsa suka faɗa, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, ya daina cewa yana jin yunwa. Cinnaka ta koma zama a bakin ƙofa tana kallon ruwa, babu tsokana, babu tsiwa, kamar daminar bara.

Shi kuwa da safe zai wanke fuska, ya shafa mai, ya fita. A rumfa ba ya rasa wanda zai saya masa shayi, ai Na-Kowa ne. Ya dawo da rana ya ce, "Yaya jikin Autan? Allah zai kawo sauƙi. Akwai wani aiki da nake sa rai."

Ta je wurin Iya da ɓawon a ƙullin zane. Tsohuwar ta murza shi a yatsa.

"Na koya miki tsare shi daga ƙwaro, da ɓera, da danshi," ta ce a hankali. "Mai gida kuwa ba ni da maganinsa. Da ina da shi, da ban tsufa a ɗakin haya ba."

Ta karkata gwangwaninta ta raba abin da ke ciki biyu, ta ba ta rabi. Maman Auta ta ga gindin gwangwanin yana leƙowa, ta san ba za ta iya dawowa nan ba. Wannan ya kai su kwana biyu.

A rana ta uku ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki kwano ta ɓoye a mayafi, ta fara bin gidajen layin.

Gida na farko matar ta yi dariya. "Ke dai ba ki rabo da wasa! Gidan Na-Kowa ne za a ce babu? Ai mu ne za mu zo."

Gida na biyu aka ce, "Ke da aka ce kin cika ƙarƙashin gado? Rowa dai ba kyau, Maman Auta. Ki yi koyi da mijinki."

Gida na uku aka yi mata kallon sama da ƙasa, aka ce Allah ya ba da haƙuri, tana fita ta ji ana cewa, "So take ta ɓata masa suna."

Nan ta gane irin ramin da take ciki. Matar matsiyaci in ta yi roƙo ana ba ta. Matar mai kyauta ko ta faɗi a titi cewa za a yi santsi ne.

Matar mai aski ce kaɗai ta dubi idonta ta daina murmushi. Ta shiga ɗaki ta fito da wata kwalba, ta juye a kwanon. Wake ne lafiyayye, kowace ƙwaya da furfurar toka. Maman Auta ta san shi kamar yadda ta san tafin hannunta da ya tsage a kansa.

"Maigidanki ne ya ba mu tun kafin ruwa, Allah ya saka masa. Ragowar ke nan na toshe a kwalba. Wallahi ko huji ɗaya babu. Wai yaya ake yin sa ne?"

Ta durƙusa ta yi godiya. Ta yi godiya a kan wakenta.

Ta wanke shi sau ɗaya kawai don kada ƙwaya ta salwanta. Ta karya ƙafar wata tsohuwar kujera ta hura wuta, don itace ya jiƙe. Da tukunya ta fara tafasa, ƙamshin ya zagaya tsakar gida, Auta ya ɗaga kai daga tabarma a karon farko tun jiya. Cinnaka ta ɗauko kwanoni biyu ta wanke, ta sake wankewa, ta zauna ta rungume su.

Rana ta take tsaka sai ga sallama, da dariyar nan mai riga mai ita shigowa. Ta ji ana shimfiɗa tabarma a ɗakin baƙi na bakin ƙofa. Ya leƙo kicin yana murza hannu.

"Alhamdulillahi! Ban ce miki Allah zai kawo ba? Ina tare da mai faci da wani baƙonsa. Zubo mana."

"Na yara ne."

"Haba, ɗan kaɗan. Na riga na ce musu su wanke hannu."

"Kwano ɗaya ne, Baban Auta. Roƙo na yi. Dubi ɗanka."

Bai duba ba. Ya sassauta murya, irin muryar da yake lallashin masu ba da aiki. "Yara ai na gida ne, ko anjima sun ci. Baƙo kuwa in ya fita da yunwa, da bakinsa zai fita. So kike a ce na kira mutane na kunyata? Ki rufa min asiri."

Ta tsaya tsakaninsa da murhu. Ya sa hannu ɗaya ya kawar da ita, ba da ƙarfi ba, kamar yadda ake kawar da labule. Ya naɗe hannun riga, ya sauke tukunyar, ya juye a babban kwano har ya kankare gindin. Ya wuce ta gaban Cinnaka da kwanoninta biyu.

Daga ɗakin baƙi ta ji mai faci yana cewa, "Ka gani ko? Na faɗa maka. A wannan marrar, wa zai yi maka haka in ba Na-Kowa ba?"

Auta ya mai da kansa kan tabarma. Bai yi kuka ba. Da ya yi kuka, da wataƙila ta haƙura kamar kullum.

Akwai jarka ɗaya da ba ta wanke ba, da sauran garin a gindinta. Ta ɗauke ta. Ta saɓa Auta a kafaɗa. Ta shiga ɗakin baƙi babu sallama, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Maza uku suka ɗago, hannuwansu a cikin kwano. Ta kifa jarkar a tsakiyar tabarma. Gari ya tashi, ɓawo ya watsu, ƙwari suka bazu suna hawa ƙafafun baƙi.

"Ga namu," ta ce. "Wancan da kuke ci na roƙo ne, na wannan yaron ne. Ku ci, Allah ya sa albarka. In kun fita ku faɗa wa layi Na-Kowa ya ciyar da ku."

Lomar da ke hannun baƙon ta tsaya a hanya. Ya dubi wuyan yaron, ya dubi lomar, ya mai da ita cikin kwano a hankali.

Na-Kowa ya yi wata 'yar dariya da ba ta da gindi. "Ku yi haƙuri, kwana biyun nan ba ta da lafiya. Kun san mata. Bismillah, ku ci gaba."

Babu wanda ya ci gaba. Baƙon ya tura kwanon wajenta, ya tashi ya nemi takalminsa. Mai faci ya bi shi, yana kakkaɓe ƙwari daga wando.

A nan bakin ƙofa ta zauna, ta sa kwanon a cinya. Rabi ya rage, da shatin yatsun maza a ciki. Ta murje da yatsa tana sa wa Auta a baki kaɗan-kaɗan, Cinnaka tana ci daga ɗaya gefen, hawaye na ɗiga a ciki. Shi yana tsaye a kansu yana faɗa, wai ta kashe shi, ta tozarta shi, da wane ido zai fita gobe. Ko sau ɗaya bai tambayi me za a ci goben ba.

Kafin la'asar labari ya gama layi. Aka ce Na-Kowa bai yi sa'ar mata ba. Aka ce mutum kamar wannan, a watsa masa ƙasa a ido gaban baƙi! Yayarsa ta aiko cewa tana nan zuwa. Babu wanda ya aiko da ko ƙwaya ɗaya.

Inuwar giginya dai ba ta taɓa yin ƙarya ba, na nesa ke shan ta. Sai dai masu yabon dogon itacen ba sa tambayar waɗanda ke ƙonewa a gindinsa, kuma in na gindin ya yi ƙara, shi ne marar tarbiyya.

Maman Auta ta wanke jarkokin nan biyar tas, ta kife su a jikin bango suna tsiyaya. Saura wata huɗu da kwanaki kafin sabon amfani ya shigo. Cinnaka ta zo ta tsaya kusa da ita, ta daɗe tana kallonsu.

"Mama, in mun sake cikawa, a ina za mu ɓoye wa ƙwari?"

"Ƙwari ba su da hannu, 'yar nan," ta ce. "Ba su iya murɗa murfi ba."